Yadda Ake Auna Kumburin Koniya da Na'urorin Hoton Ido

Tun kafin a kunna kowace na'ura, mai kumburin koniya yakan faɗi ciwonsa da bakinsa. Dattijo zai zo daga Mashi ko Batagarawa, ɗansa riƙe da hannunsa, ya ce, "Likita, in na tashi asuba kamar hayaƙi nike gani, amma in hantsi ya dubi ludayi sai ya ɗan washe." Wannan magana tasa rabin bincike ce. Sauran rabin shi ne a san yawan ruwan da ya taru, a wane sashe ya taru, da abin da ya tara shi. Don ƙannena masu aikin ido a Katsina da kewaye na rubuta wannan, musamman waɗanda aka damƙa wa na'ura ba a zauna an koya musu karanta abin da take fitarwa ba.

Koniya ita ce tantanin nan mai kama da gilashin agogo da ya rufe baƙin ido. Kaurinta a tsakiya kusan maikuron 540 ne, wato ɗan fiye da rabin milimita, kuma tana ƙara kauri in ana nufar gefe. Kusan kashi 78 cikin ɗari nata ruwa ne, kuma haskenta ya dogara da kada ruwan ya wuce haka. A gaba akwai fatar sama, epiteliyam, mai kaurin maikuron 50 ko kusa da haka. A tsakiya akwai sitroma, wadda ta cinye kusan kashi 90 na kaurin. Bayanta akwai wata siririyar fata da ake kira Descemet, sannan layi ɗaya tal na ƙwayoyin halitta, endoteliyam. Aikin wannan layi kwarfar ruwa ne, kamar yaran gida da ke kwarfe zaure ranar mamakon watan Agusta. Baligi yana da ƙwayoyi 2,500 zuwa 3,000 a kowace milimita murabba'i, kuma wadda ta mutu ba a mayar da ita, sai dai maƙwabta su baje su rufe gurbinta. In suka ragu zuwa wajen 500, ruwa ya fi ƙarfinsu, koniya ta kumbura.

Dalilin hazon asuba kuwa, ido a rufe yake kwana, iska ba ta busar da shi, iskar oksijin ma ta ragu. Ko lafiyayyar koniya takan kumbura da kusan kashi 4 cikin ɗari a barci, ta sace bayan an farka. Mai raunin endoteliyam ne tasa ke daɗewa ba ta sace ba. Shi ya sa ma wasu ke cewa sun fi gani da hunturu fiye da damina, saboda busasshiyar iska tana taya su kwarfar.

Mataki na farko: tambaya, da rubuta ƙarfe nawa

Tambayi ko an taɓa yi masa aikin yanar ido, yaushe, kuma a asibiti ne ko wurin masu kwance yana da allura. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna wannan aiki na gargajiya bai mutu ba, musamman a Arewa, kuma mutane ba sa son faɗa sai an lallaɓa. Kada ka yi faɗa. Ka ce, "Baba, ba laifi ba ne, so nake in san abin da ya taɓa idon." Tambayi abin da ake ɗigawa: na kemis, ruwan ganye, ko wani abin da aka haɗo daga kasuwa. Tambayi zafi, hawaye, da ganin zobe mai launi kewaye da fitila. In matashi ne, tambayi ƙaiƙayi da murzar ido tun ƙuruciya.

Sannan ka rubuta lokacin da ya farka da lokacin da kake aunawa. Wannan ɗan layi shi aka fi mantawa, kuma rashinsa ya fi lalata aiki fiye da lalacewar na'ura. Wanda aka auna ƙarfe takwas na safe a zuwan farko, aka auna shi ƙarfe biyu na rana a zuwa na biyu, za a ga kauri ya ragu a ɗauka magani ne ya yi aiki, alhali rana ce kawai ta yi.

Mataki na biyu: jera aikin

Duk abin da ba ya taɓa ido shi ne a gaba. Auna ƙarfin gani, duba da fitilar tsaga (madubin ƙara girma mai siririn haske da ake duba gaban ido da shi), ɗauki hotuna, sannan a zo ga masu taɓawa, wato awon matsin ido da pakimita, na'urar auna kaurin koniya mai amfani da sauti. In kana zargin ƙwayar cutar hafis (herpes), ka gwada jin koniya da silin auduga kafin ka ɗiga maganin da ke kashe jin taɓi. Da ka ɗiga, wannan gwaji ya wuce ka sai wata rana.

Abu ɗaya ne ke rusa wannan jeri. In ido ya yi ja, yana zafi har da amai, ka taɓa ka ji shi tauri kamar dutse, to hawan matsin ido ne na gaggawa. Auna matsi, a fara saukar da shi nan take. Hoto ya jira.

Mataki na uku: fitilar tsaga

Ita ce uwar na'urorin, kuma kusan kowane asibitin ido yana da ita. Kashe fitilar ɗaki. Fara da haska bakin koniya daga gefe, inda ta haɗu da farin ido, kai kuma ka kalli tsakiya da ƙaramin girma. Wurin da ya kumbura zai fito fari-fari kamar hazo a kan duhu. Daga nan sai ka matse hasken ya zama siriri, ka karkata shi wajen digiri 45, ka ga koniya a yanke kamar an yanka kankana. Kwatanta faɗin yankan a tsakiya da na gefe. A lafiyayyen ido tsakiya ya fi siranta. In ka ga sun yi daidai, ko tsakiya ya fi, akwai ruwa.

Dubi bayan koniya da kyau. Siraran layuka farare a tsaye sukan fara bayyana in kumburi ya kai wajen kashi 5 cikin ɗari, in ya doshi kashi 10 sai fatar Descemet ta fara tattarewa kamar zanen da ba a goge ba. Nemi ƙananan ƙuraje a bayan koniya masu kama da tasar da maƙeri ya bubbuga. Su ne alamar cutar Fuchs mai raunana endoteliyam, wadda likitan nan na Ostiriya, Ernst Fuchs, ya bayyana a 1910. Sa fulorosin, rinin da ake ɗigawa a ido, ka kunna shuɗin haske don ganin ƙananan ƙwayoyin ruwa a fatar sama, ko manyan bororo. Bororon nan ne ke fashewa ya hana mutum barci.

In fatar sama ta yi hazo har ba ka ganin ciki, ɗigon gilisarin bayan maganin kashe ji yakan share ta na ɗan lokaci. Amma ka yi awon kauri kafin ka ɗiga, don yana janye ruwa. Kuma ka ɗora kyamarar wayarka a kan madubin dubawa ka ɗauki hoto. Ba zai yi kyan na littafi ba, amma bayan wata guda zai fi ƙwaƙwalwarka gaskiya.

Mataki na huɗu: hoton OCT na gaban ido

Nan ne zan daɗe, domin a ganina babu na'urar da ta kai ta amfani a kumburin koniya. An fara bayyana fasahar OCT, mai ɗaukar hoton ido a yanke, a 1991 a Amurka, kuma da haske take aiki, ba ta taɓa ido. Akwai waɗanda aka ƙera don gaban ido kaɗai, amma yawancin da ke asibitocinmu na duba bayan ido ne, waɗanda ake ɗaura wa ƙarin madubi ko a sauya musu tsari su ɗauki koniya. Ka duba akwatin da na'urar ta zo ciki. Na taɓa ganin irin wannan madubi a aljihun tebur cikin ledarsa, shekara da shekaru ana tura mutane wani gari neman abin da ke ɗakin.

Goge wurin ɗora haɓa da na goshi. Daidaita tsayin kujera yadda mutum ba zai miƙa wuya ba, don tsoho in ya gaji zai ja baya a tsakiyar ɗauka. Ga mace mai lulluɓi, ka roƙa a ɗan ja mayafin baya yadda goshi zai manne: "Hajiya, a ɗan gyara mayafi, goshin nake so ya taɓa nan." Ka ce ta kalli ɗigon hasken da ke ciki. In idon ba ya gani, ɗaya idon ya kalli fitilar waje. Ta ƙifta sau biyu, sannan ta buɗe sosai, kai kuma ka ɗauka nan da nan kafin hawayen saman ido ya bushe. Da hunturu bushewar ba ta jira. In za ka ɗaga fatar ido da yatsa, ka jingina yatsan da ƙashin gira, kada ka danne ƙwayar ido.

Alamar ka daidaita tsakiya ita ce wani farin layi mai ƙyalli da ke ratsa hoton daga sama zuwa ƙasa. Ɗauki yanka a kwance, yanka a tsaye, da taswirar kauri, wadda a na'urori da yawa take rufe faɗin milimita 6.

Kafin ka yarda da lambar da ta fito, dubi layukan da kwamfutar ta zana a gaba da bayan koniya. A kumburarren ido takan ruɗe, ta ɗauki tattarar Descemet ko bororo a matsayin iyaka. In ta kauce, ka auna da hannu, ma'aunin a miƙe daga gaba zuwa baya, ba a karkace ba, don karkataccen awo kullum ƙari yake yi.

Yanzu karatu. Abu huɗu nake nema, kuma na farko shi ya fi ceton ido. Mutum aka yi masa aikin yana kwana uku ko mako guda da ya wuce, koniya ta ƙi washewa, musamman wani yanki da ya taso daga wajen tsagar aikin. A hoton sai ka ga wani siririn farin zare yana reto a bayan koniya, ya rabu da ita. Fatar Descemet ce ta ɓalle, ta tafi da masu kwarfar ruwan. Da fitilar tsaga sau da yawa ba a ganinta saboda hazo, sai a yi ta ba da magani ana jira. Maganinta kuwa likita ya sa kumfar iska ko gas a cikin ido ta danna fatar ta koma mazauninta, mutum ya kwanta rigingine. In an yi da wuri, koniya takan washe. Bayan kowane gangamin aikin ido kyauta da ake yi a ƙananan hukumomi, wannan shi nake fara nema ga duk wanda ya dawo da hazo.

Na biyu, kumburi daga gefe zuwa gefe cikin kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, babu ɓallewar fata, babu zafi sosai. Wannan yakan nuna wani abu mai guba ya shiga ido lokacin aikin, daga ruwan wanki ko kayan aiki, kuma dole a sanar da ɗakin tiyata, don da wuya ya tsaya kan mutum ɗaya. In kuwa akwai zafi mai tsanani da farin ruwa kwance a ƙasan baƙin ido, a ɗauke shi a matsayin ƙwayar cuta har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Na uku, matashi mai koniya mai tsini, irin yaran nan da suka taso da ƙaiƙayin ido suna murza, ya wayi gari ido ya yi fari fat. Hoton zai nuna Descemet ta yage, da kogunan ruwa baƙaƙe a cikin sitroma, kauri kuwa yana iya haura maikuron 1,000. Iyaye sukan zo a firgice sun ɗauka idon ya mutu. Yawanci yakan sace cikin wata biyu zuwa huɗu ya bar tabo, kuma hoton ne ke nuna girman yagewar da ko ana buƙatar sa gas.

Na huɗu, kumburi mai zagaye kamar faifai a tsakiya, da ɗige-ɗige manne a bayansa, ga raguwar jin taɓi. Hafis ke nan, kuma maganinsa daban ne.

Mataki na biyar: Pentacam, in akwai

Wannan kyamara ce mai juyawa, ƙirar kamfanin Oculus na Jamus, tana ɗaukar hotuna 25 ko 50 cikin daƙiƙa biyu da shuɗin haske. Ɗaki ya yi duhu, kuma kada ka karɓi hoton da na'urar ba ta ce ingancinsa ya yi ba. A koniyar da ta yi fari sosai ba ta da ƙarfi, OCT ta fi ta ratsa hazo. Inda take da daraja shi ne kumburin da bai fito fili ba, kamar tsohuwar da ke da alamun Fuchs kuma ana shirin cire mata yana.

A 2019 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun bayyana alamu uku da ake nema. A taswirar kauri, zobban launi na lafiyayyar koniya a jere suke, wani cikin wani kamar yankan albasa. In sun karkace sun daina bin juna, alama ta farko ke nan. Ta biyu, wurin da ya fi siranta ya bar kusa da tsakiya ya koma gefe. Ta uku, a taswirar bayan koniya wani yanki ya lotsa zuwa cikin ido. Darasin aikin nasu shi ne siffar taswira ta fi lambar tsakiya faɗin gaskiya. Ko ba ka da Pentacam, alamu biyun farko kana iya nemansu a taswirar OCT.

Mataki na shida: ƙidayar ƙwayoyin endoteliyam

Na'urar sifekula ce ke wannan. Tana ba da yawan ƙwayoyi, bambancin girmansu, da kason masu kusurwa shida, wanda a lafiyayyen ido ya kan haura kashi 60. Matsalarta, daidai lokacin da ka fi buƙatarta take kasawa: in koniya ta kumbura sosai hoto ba ya fita. Gwada ɗan gefe da tsakiya, ko ka dawo da mutum da rana. In lamba ta fito daga ƙwayoyi goma sha kaɗan da na'urar ta iya gani, kada ka rubuta ta kamar ƙidaya ce. Kuma ka ɗauki ɗaya idon kullum. Shi ne wanda za a yi wa aiki nan gaba, shi ne kuma zai gaya maka ko raunin na ido biyu ne tun asali.

Mataki na bakwai: pakimita mai sauti

Ƙarama ce, wata ma da batir take aiki, don haka ranar da babu wuta kuma janareta ya ƙi tashi ita ce abokiyar tafiya. Goge kan sandar da sifirit, ka bari ya bushe sarai, in ba haka ba kai da kanka za ka ƙona fatar ido. Ɗiga maganin kashe ji. Mutum ya kalli abu guda a bango, ka taɓa tsakiyar koniya a miƙe, a hankali, ba dannawa. Ɗauki awo biyar ko fiye. In sun bambanta da fiye da maikuron 5 zuwa 10, sake. Kada ka ɗora sandar a kan bororo ko gyambo.

Ka tuna wuri ɗaya take aunawa, kuma lambarta na iya bambanta da ta OCT ko Pentacam da maikuron goma, ashirin, ko fiye a kumburarren ido. Na'urar da aka fara da ita, da ita ake ci gaba.

Mataki na takwas: haɗa lissafi

Lambar 540 da muka haddace a makaranta matsakaici ce, ba ta kowa ba ce. Bincike da dama ya nuna baƙar fata, a jimlace, koniyarsu ta fi ta Turawa siranta. A ce wata baiwar Allah daga Mai'aduwa asalin kaurinta 520 ne, yau ka auna 585. Wanda ya kalli littafi kawai zai ce ɗan ƙari ne. Amma ka cire 520 daga 585, ka raba 65 da 520, ka ninka da ɗari: kashi 12.5 ke nan, kumburi sosai. Wani kuma an haife shi da 600, koniyarsa garau. Don haka abin kwatance shi ne tsohon awon mutumin, in babu, ɗaya idon nasa in lafiyayye ne. Wannan ne ya sa nake roƙon a auna kaurin kowa kafin aikin yana, ko da minti ɗaya ne aka ƙara. Lambar 640 da ake yawan ambata a matsayin gargaɗi ga masu Fuchs kafin aiki tana da amfani, amma ba ita kaɗai za a dogara da ita ba.

A yi hattara da awon matsin ido. Koniyar da ta jiƙe ta yi laushi, sai na'urar Goldmann ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. Kada a ɗauki jadawalin gyaran matsi da ake amfani da shi ga koniya mai kauri ta asali a ɗora kan kumburarriya, zai ƙara rage lambar da ta riga ta yi ƙasa. In kuma ka ga an ba mai raunin endoteliyam dozolamaid don matsi, ka ja hankalin likita, domin yana iya ƙara kumburin.

Mataki na tara: bibiya da turawa

Ba shi ranar dawowa da lokaci guda, da safe in zai yiwu. Mai zuwa daga Daura ko Zango sai an yi la'akari da mota, don haka ka tambaye shi lokacin da zai iya isowa, wannan lokacin ya zama nasa kullum. In likita ya rubuta ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 5, ka bayyana cewa na kantin magani ne, ba wanda za a jiƙa a gida ba, kuma yana rage ruwan fatar sama ne kawai, ba ya dawo da ƙwayoyin da suka mutu. Kumburin bayan aiki da ke raguwa mako bayan mako a bar shi ya ci gaba. Wanda ya kai wata uku lamba ba ta motsa ba, ko bororo ke ta fashewa, maganar dashen koniya ta taso, kuma yanzu akwai dashen da layin baya kaɗai ake sauyawa.

In za a tura shi Kano ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, takardar ta ƙunshi kwanan watan aiki, ƙarfin gani, matsin ido da na'urar da aka auna da ita, kaurin ido biyu, sunan na'urar hoto, da ƙarfe nawa aka yi kowane awo. Buga taswirar mai launi in da hali, don baƙi da fari yana kashe ta. In firinta ba tawada, ɗauki allon da wayar ɗansa, ka tabbata lambobin sun fito, ka ce masa kada ya goge sai likitan can ya gani.